Cinyar wane rago za ki saya idan gashi za ki yi?

Ni dai ba na ɓoyewa, cinyar Yankasa nake saya, wannan farin ragon namu mai baƙi-baƙi a ido da kunne da baki. Cinyarsa madaidaiciya ce tana shiga tiren oben ba sai an sare ƙafar ba, kuma kitsenta fari ne siriri lulluɓe a sama, shi ke narkewa ya jiƙa naman. Idan kika caccaka ta da wuƙa kika cusa tafarnuwa a ramukan, kika shafe ta da citta da masoro da tayim da ɗan na'a-na'a ta kwana a firji, washegari ki rufe da foyil a wuta digiri 160 na awa 3 zuwa 4, wallahi da cokali ma za ki iya yagar naman. Ki saya da ƙashinta, kar ki bari a zare.

Balami kuwa girma ne, na layya ne da nuna wa maƙwabta, cinyar ta fi ƙarfin oben ɗin gida. Uda ba laifi amma ƙafa ce zaƙo-zaƙo, ƙashi za ki biya. Ta firiza ba na ko kallo, da wannan wutar tamu waye ya san sau nawa ta narke ta sake daskarewa.

Amma 'yar uwa duk wannan wasa ne idan aka yi miki sakiyar da ba ruwa. Ni an taɓa yi min, wani mahauci ya rantse min rago ne ɗanye shakaf, na yi baƙi, awa biyar tana wuta tana nan kamar igiya, ashe tsohuwar tunkiya ce. Har yau abin na ci min rai. Tun daga nan nake zuwa da sassafe, ko mayankar Tudun Wada ko wajen mahaucin da na sani, in ce a yanko min daga jikin ragon ina kallo. Ki duba wutsiya kar a ba ki akuya a ce rago ne, ta akuya gajera ce, shi ya sa wasu ke cire ta tun kafin ki iso. Kitse in ya yi ruwan ɗorawa dabbar ta tsufa. Ki danna naman da yatsa, in ramin bai ciko ba ya kwana, in ruwa na tsatsafowa a tebur jiƙa shi aka yi don ya yi nauyi. Akwai masu shafa wa na jiya sabon jini ma, ki shinshina kusa da ƙashi, nan wari ke fara fitowa.