Hattara da mai tallan "rauta 5G" da ke cewa saiti kyauta ne

Jama'a assalamu alaikum. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in faɗa ko in bari saboda kunya, amma jiya na ga mutumin ya sake ɓullowa a Facebook da sabon suna, hoton kayan dai shi ne bai canza ba, shi ne na ce gara a yi min dariyar da dai wani ya sake faɗawa.

Wata uku kenan da muka sa aka ja mana intanet ta kebul zuwa gida nan Kano, irin wadda ake biya wata-wata. Kamfanin sun kafa akwatinsu a falo yana aiki lafiya lau, matsalar dai ginin namu bulo inci tara ne, sabis ba ya kaiwa ɗakin maman yara da ke can baya, kullum da daddare sai ka ga yara sun yi cincirindo a ƙofar falo da wayoyi kamar masu jiran rabon zakka. Aka ce min in ƙara rauta ta biyu, wato na'urar da ke watsa wayifai a gida, a ja mata waya daga akwatin. Ina cikin neman ne na ci karo da tallan bawan Allahn nan: rauta 5G, Wi-Fi 6, eriya huɗu, tana huda bango, kuma zai zo har gida ya saita kyauta. Dubu 48. Bakinsa kamar zuma, Alhaji kaza Alhaji kaza, ni da ko Umara ban taɓa zuwa ba.

Ya zo a babur da kwali mai sheƙi. Na ce a sa ta a barandar tsakar gida, ya ce a'a Alhaji ai na'urar nan tana son iska, sai ya ɗora ta a tagar ɗakin soro wadda ke kallon titi. Ya ɗan latse-latse a wayarsa kamar minti goma, ya miƙo min takarda da fasiwod, na duba wayata na ga sunan "Gida_5G" ya fito, raina ya yi fari, na yi masa turansifa har da na mai.

Sati biyu na farko ba laifi. Daga nan abu ya fara ja, musamman daga la'asar zuwa goma na dare, bidiyo ya yi ta juyawa, kiran WhatsApp ya yi ta yankewa. Na kira kamfanin na yi musu tas, wallahi har yau ina jin nauyin yarinyar da ta ɗaga wayar, don ta ce min layinmu ƙalau yake kuma gaskiyarta ce.

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta ne ya zo hutun ƙarshen mako ya ɗaga rautar ya juya bayanta, ya ce Kawu nawa ka sayi wannan? Ya sa farce ya ɓanɓare sitikar da aka rubuta AX3000, lambar da ke nuna Wi-Fi 6 ce, sai ga ta asali a ƙasa: N300, 802.11n, 2.4GHz kawai. Wato Wi-Fi 4, fasahar tun 2009, Wi-Fi 6 kuwa lambarta 802.11ax. Ramukan da ake sa waya a baya duk 10/100 ne, ko da ka sayi layi mai gudun megabit 200 a daƙiƙa ba za su wuce da fiye da 100 ba. Da ya kwance murfin kuwa eriya biyu ne kawai ke da waya a ciki, sauran biyun roba ce zalla an maƙala don ado. Maganar 5G ɗin ma ya warware min ita, ashe abu biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai 5G ta layin waya wadda MTN ta fara a Najeriya a 2022, ita sai na'ura mai ramin SIM. Akwai kuma 5GHz, zango ne na wayifai, ya fi sauri amma bai kai 2.4GHz ratsa bango ba. Tawa ko ɗaya ba ta da shi. Sunan nan Gida_5G shi ya rubuta da hannunsa, da ya ga dama ya rubuta 10G ma haka zan gani in yi murna.

To duk wannan mai sauƙi ne. Yaron ya buɗe burauza ya shiga 192.168.0.1 zai duba saiti, ya sa admin a matsayin suna da fasiwod kamar yadda galibi suke zuwa daga kamfani, ya ƙi, ashe mutumin ya canza fasiwod ɗin shiga cikin na'urar ya riƙe a wajensa, wanda ya rubuta min a takarda na hawa wayifai ne kawai. Ni ban ma san guda biyu ba ne. Kafin mu goge komai yaron ya sa wata manhaja a wayarsa ya zaga gidan, ya ga akwai wani sunan wayifai na biyu da ke fita daga rautar tamu, irin layin da ake buɗe wa baƙin da suka zo gida, wato layin baƙi. Muka fita waje muna bin sabis har shagon aski da ke jikin katangarmu, na ce Malam don Allah wayifai ɗin wa kuke hawa a nan? Ya ce ai wani injiniya ne ke sayar musu, dubu 3 duk wata, shi da mai POS da mai shayi da samarin da ke zama a benci. Ya nuna min lambar da suke tura kuɗin. Ita ce dai wadda na tura dubu 48.

Kun ga dalilin son iska kenan.

Na kira shi ya ɗaga sau ɗaya, da ya ji muryata ya ce yana kan babur zai kira, daga nan ya yi min bulok. Ba shago, ba risit, na yi kuskure tun nan, don da kasuwar Farm Centre ko Beirut Road na je da aƙalla na san ƙofar da zan koma in tsaya.

Don haka duk wanda aka saita wa rauta bai ga lokacin da aka sa fasiwod ɗin ciki ba, ya nemi tsinke ya danna ɗan ramin risat da ke baya ya riƙe kamar daƙiƙa goma, komai zai koma yadda ya fito daga kamfani. Amma wannan ga rautar da ka saya da kanka nake nufi, akwatin kamfanin intanet kar ka taɓa sai ka kira su, don saitin layinka na iya gogewa. Sai ka shiga da adireshin da ke jikin sitikar ƙasa, galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, ka canza na admin, ka canza na wayifai, a wajen tsarin tsaron wayifai ka zaɓi WPA2 ko WPA3 in akwai, ka kashe WPS, wato hanyar hawa ba tare da rubuta fasiwod ba, ka leƙa layin baƙi ka tabbatar a kashe yake, sannan ka duba jerin na'urorin da ke haɗe ka ƙirga su da wayoyin gidanka. In saye za ka yi kuwa a kunna ta a gabanka ka ga shafin saitin ya nuna zango biyu, na 2.4GHz da na 5GHz, kuma lambar da ke kwali ta zo ɗaya da wadda shafin saitin ke nunawa.

Mai askin har yanzu in na wuce sai ya ce Alhaji ya maganar dubu ukuna ta wannan watan, ai na riga na biya. Na ce masa ya bi layi, ni ne a gaba.