Gargaɗi ga 'yan kasuwarmu na Legas: kada ku buɗe "takardar oda" daga baƙon mai saye

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masu harkar riɗi, citta da zoɓo da ke sauke kaya a Legas. Akwai 'yan damfara da ke yawo da sunan masu sayen kaya daga ƙasashen waje, kuma sun shigo mana har ofishin kawuna a Agege. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa na kusa da shi.

Saƙo ne ya shigo imel ɗin ofis, wai kamfani ne daga Turkiyya, suna neman riɗi kwantena biyu, a ɗora ta tashar Apapa. Rubutu tsaf, har da tambari. Sun haɗo da fayil a ƙunshe cikin zip, wato jakar da ake matse fayil a ciki, suka ce cikakkiyar odar tana ciki, a aiko musu da farashi kafin Juma'a. Yaron da ke mana rubuce-rubuce ya danna sau biyu, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Ya ce, "Yaya, takardar nan ta ƙi buɗewa." Na ce ya bar ta, ƙila lalacewa ta yi. Wallahi har yau wannan magana tawa tana ci mini rai.

Bayan kwana tara wani tsohon abokin cinikinmu ya kira kawu. "Alhaji, yaushe kuka canza asusun banki?" Daga imel ɗinmu, da sunanmu, aka rubuta masa ya biya cikon kuɗin kaya a wani sabon asusu. Allah ya sa mutum ne mai bin diddigi, ya kira kafin ya tura.

Washegari na ɗauki kwamfutar zuwa wajen wani mai gyara da na yarda da shi a Computer Village, Ikeja. Abu na farko da ya nuna mini ya sa jikina ya yi sanyi. Windows tana ɓoye wutsiyar sunan fayil, sai mutum ya sa ta nuna. Ya buɗe File Explorer, ya shiga View, ya kunna File name extensions, sai ga sunan takardar ya ƙara tsawo: Order.pdf.exe. Hoton PDF ɗin da muke gani ado ne kawai. Takardar gaskiya ba ta ƙarewa da exe, ko scr, bat, js, vbs. Duk waɗannan manhaja ce, danna su ba ta izinin aiki ne. Shirun da muka ji, lokacin take girka kanta.

Irin wannan manhaja tana kwashe kalmomin sirrin da aka ajiye a burauza, tana naɗar duk abin da aka buga a madannai, ta aika wa ɓarawon. Ba baƙon abu ba ne a garin nan. A watan Mayun 2022 Interpol ta sanar da cewa EFCC ta kama mutum uku a Ajegunle da birnin Benin, waɗanda ake zargi da amfani da manhajar Agent Tesla wajen karkatar da kuɗin kamfanoni.

Wanda ya riga ya danna, ya fara da yanke intanet, waifai ne ko waya. Sannan ya danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe. A duba sunayen da ke aiki, wanda ba a gane ba a danna shi da maɓallin dama a zaɓi Open file location. Nan asiri ke tonuwa. Tamu ta ari sunan svchost.exe, wanda suna ne na halak a Windows, amma na gaskiyar a cikin C:\Windows\System32 yake zama. Wannan kuwa a wata jaka daban mai suna AppData muka same shi, ranar da aka ƙirƙire shi daidai da ranar da saƙon ya shigo, kuma da muka duba Properties babu sa hannun Microsoft a kansa. Ya kuma sa kansa cikin jerin Startup, don ya tashi duk lokacin da aka kunna kwamfutar.

Ina roƙonku kada ku kama goge duk sunan da bai yi muku ba, za ku iya kashe Windows ɗin da hannunku. In ana shakka, a ɗora fayil ɗin a shafin VirusTotal, wanda Google ta saya a 2012, manhajojin tsaro masu yawa su duba shi lokaci guda. Amma ban da takardun sirri, domin abin da aka ɗora can wasu masu bincike na iya ganinsa. In ya tabbata, a tsayar da shi da End task, a kashe shi a Startup, a goge, a zubar da Recycle Bin. Daga nan a shiga Windows Security a zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta sake tashi ta yi bincike na kamar minti 15.

Goge fayil bai dawo da abin da aka riga aka sace ba, kuma nan mutane ke sakaci. Da wata na'urar daban za a canza kalmar sirrin imel, ta banki da ta Facebook, a kunna tabbaci mai mataki biyu, a fitar da duk na'urar da ba a sani ba, har a Linked devices na WhatsApp. A leƙa saitin imel ma. A namu mun tarar sun sa doka, duk wasiƙar da ta ambaci biyan kuɗi ana tura musu kwafi. Wanda kuɗinsa ya riga ya fita, ya kira bankinsa nan take, ya kai ƙara ofishin EFCC da ke Ikoyi, kuma kada ya goge saƙon, shi ne shaidarsa.

Kawu ya bi abokan cinikinmu ɗaya bayan ɗaya ta waya, ya ce musu ko da sun ga sabuwar lambar asusu da sunanmu, kada su tura ko sisi sai sun ji muryarsa. Kwamfutar kuma daga ƙarshe wanke ta muka yi gaba ɗaya aka ɗora sabuwar Windows, don hankalina bai kwanta da ita ba.

Makon jiya wani saƙon ya sake shigowa, rubutu iri ɗaya, zip iri ɗaya. Wannan karon wai daga Dubai suke, citta suke nema.