Wane kayan gwajin tsirkiya mai kaɗawa ya kamata makaranta ta saya?

Duk malamin fiziks da ya taɓa zana tsirkiya mai kaɗawa a allo ya san cewa ɗalibai sukan gyaɗa kai ne kawai, ba sa gaskatawa sai sun ga zaren ya rabu gaɓa-gaɓa kamar karan rake, wasu wurare sun tsaya cak, tsakaninsu kuma ya yi ciki. Masanin Jamus Franz Melde ne ya yi suna da wannan gwaji a Marburg wajen 1860, kuma makarantar sakandare a Kano tana da hanyoyi uku na yinsa.

Mafi tsufa shi ne sonomita, wato akwatin katako mai kusan tsawon mita ɗaya, da waya a miƙe a kan gadoji biyu, da ƙarafan nauyi a rataye. Ana kaɗa shi da ƙarfen sauti mai yatsu biyu, irin masu lamba 256 zuwa 512 (lambar ita ce yawan kaɗawarsa a sakan ɗaya), a ɗora guntuwar takarda a tsakiyar wayar, a yi ta matsar da gada har takardar ta yi tsalle ta faɗi. Ba ya bukatar wuta ko kaɗan, kuma yana cikin manhajar da ɗalibai ke shiryawa WAEC da NECO da ita. Aibinsa shi ne kaɗawar ƙanƙanuwa ce, ɗalibi ɗaya ko biyu ne ke gani, kuma aji mai hayaniya yana ɓata aikin. Mai saye ya ƙwanƙwasa akwatin ya ji ko yana amsawa, ya duba mahaɗar katakon da kyau, domin ɗanyen katako ba ya jure hunturun Kano, yakan tsage kafin shekara ta zagayo. Ya kuma ƙi ƙarfen sautin da tsatsa ta ci, don lambar da ke jikinsa ta daina faɗin gaskiya.

Na biyu shi ne injin sigina haɗe da na'urar girgiza. Wannan ne ya fi kyan kallo, domin malami yana murɗa maɓalli ne kawai, zaren ya yi ciki ɗaya, ya ninka yawan kaɗawar ya yi biyu, har na bayan aji su gani. Shi ne kuma mafi tsada, gyaransa yana da wuya, ƙura kuma ba ta barin sa lafiya. A ganina, makarantar da ba ta da sola bai kamata ta fara da shi ba. Idan za a saya, a tabbatar injin yana da ƙarfin tura na'urar girgizar, saboda wasu masu arha lamba kawai suke nunawa, zaren ko motsi ba ya yi. A sa mai kanti ya haɗa su a gaban mai saye.

Na ukun ne ake yawan mantawa da shi, alhali makarantu da yawa suna da shi a kabad: tika-taima, wato 'yar na'urar da ke buga ɗigo a kan siririyar takarda don gwajin gudu. Idan aka ba ta wuta ta ƙaramin taransifoma, tana bugawa sau 50 a sakan, daidai da yawan kai-komon wutar lantarkin Najeriya. A ɗaura mata zare, a ratayo shi ta kan 'yar taya a bakin tebur, a sa nauyi. Zaren da kowace mitarsa ke da giram 1, in aka rataya masa giram 100, nisan gaɓa zuwa gaɓa zai kai kusan santimita 32, wanda shi ne rabin tsawon zango. In aka mai da nauyin giram 400, nisan zai ninka sau biyu ne kawai, dokar da mai gurmi ke aiki da ita in yana ɗame tsirkiya ko da bai san lissafinta ba. Sai dai wutar ƙaramin janareta ba ta tsayawa a kan 50, don haka lissafin da aka yi da ita yakan kauce.

Ga makaranta mai ƙaramin ƙarfi, shawarata ita ce a sayi sonomita uku ko huɗu domin ɗalibai su auna da hannunsu, a ƙara da tika-taima ɗaya ta nuna wa aji. A haɗa da waya mai kauri daban-daban, da farin zare, da baƙin ƙyalle yadi ɗaya daga Kantin Kwari wanda za a rataya a bayan zaren don gaɓoɓin su fito sarai.