Fim mai dogon zango ko fassarar Indiya?

A fadojin Yamai, musun nan kan kai shayi na uku bai mutu ba. Masu bin fina-finan Kano masu dogon zango, irin Labarina na Aminu Saira ko Daɗin Kowa na Arewa24, hujjarsu ita ce labarin namu ne: kishiya, gado, auren dole, da Hausar da ba sai an fassara ba. Aibinsu jan rai. Kashi ɗaya a mako, kuma idan jarumi ya ɓata da furodusa sai a canza fuska a tsakiyar labari, ko a kashe shi ba dalili.

Fassarar Indiya, irin ta kamfanin Algaita, a zama ɗaya ake gamawa, kusan awa uku. Mai turi ya zuba maka a katin waya, ba ruwanka da sayen data. Sai dai a saurara da kyau: sau da yawa murya ta riga leɓe, an danne kiɗan asali don maganar ta fito, mai fassara kuma ya cusa barkwancin Kano a bakin ɗan sandan Mumbai. Wasu don wannan barkwancin ma suke kallo.

Wajen faɗa da ƙayatarwa Indiya ta yi gaba. Wajen labarin da za a kwana ana gardama a kai, Kano ce.