Wata shida ina aiki da haruffa masu kaurin ƙafa

Sana'ata zana allunan shaguna da takardun talla a nan Zinder, kuma a cikin wata shida da suka wuce kusan duk babban rubutun da ya fita daga hannuna da samfurin haruffa guda na yi shi, wanda wani abokin sana'a ya turo mini daga Yamai. Irin samfurin nan ne da ƙafafun haruffansa, wato ƴan layukan da ke gicciye a ƙarshen kowane sandan harafi, suke da kusurwa huɗu kamar tubali, kaurin ƙafar kuma ya kusan kai kaurin jikin harafin. Asalin wannan salo daga Ingila yake, inda wani mai ƙera haruffan ɗab'i, Vincent Figgins, ya fitar da shi a Landan a 1815 domin takardun talla da ake mannawa a bango, aka kuma riƙa kiransa "na Masar" saboda yayin kayan Masar da ya kama Turai bayan yaƙin Napoleon a Masar ɗin. Wanda ya san samfurin haruffa na Rockwell, wanda kamfanin Monotype ya fitar a 1934, ya san danginsa, sai dai nawa ya fi shi nauyi.

Aikin farko da na gwada shi allon wani masaukin baƙi ne a gefen babbar hanyar da ta ratsa gari ta nufi Diffa. Mai wurin ya ce mini: "Malam, so nake wanda ke bisa kabu-kabu ya karanta ba tare da ya rage gudu ba." Da aka kafa allon na tsallaka hanya na tsaya da tsakar rana, lokacin da haske ke cinye siraran layuka, na ga kowane harafi yana tsaye daram. Dalilin a fili yake: babu wani sashe siriri a jikin harafin da rana ko hazon hunturu zai ɓatar, kuma ƙafafun suna jera kansu a layi ɗaya, su riƙe kalmar kamar harsashin gini. Akwai kuma amfanin da sai mai yanka haruffa a ledar da ake mannawa a allo ya san shi. Haruffa masu siraran ƙafafu daga bakin ƙafar suke fara ɓarewa idan zafin watan Afrilu ya dafa gam, amma waɗannan suna da faɗin da gam zai kama sosai, kuma har yau ko ɗaya bai ɗaga ba.

A wannan allo ne kuma na ci karo da abin da ya fi damuna. Samfurin yana da duk alamomin Faransanci, é da è da ç, amma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, balle ƴ da muke rubutawa a Nijar inda ƴan'uwanmu na Najeriya ke sa 'y. Idan na buga ƙ sai kwamfuta ta aro wani siririn harafi daga wani samfuri ta cusa a tsakiyar kalma. Wasu masu sana'ar sukan bar ƙugiyar kawai, amma ni ban iya rubuta "Masaukin Baki" a allon mutumin da ke karɓar baƙi ba. Dole na zana ƙugiyoyin da kaina, kuma aikin ya ci mini kwana biyu, domin ƙugiya a harafi mai wannan kauri tana da wuyar sha'ani: idan ta yi siriri ba a ganinta daga nesa, idan ta yi kaurin jikin harafin sai ta dunƙule ta taɓa maƙwabcinta. A ƙarshe na rage mata kauri kaɗan, na yanke bakinta a miƙe don ta dace da ƙafafun. Babban Ɗ da Ɓ sun fi ba da wahala, saboda ƙugiyarsu tana fitowa ta hagu, daidai wurin da ƙafar sama take. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025 masu neman allo da Hausa sun ƙaru a shagona, don haka wannan giɓi babba ne a wurina.

Tazara ma tana son kulawa. Hausa na da baƙaƙe masu ninki da yawa, kuma a kalmomi irin "hannu" da "kammala" ƙafafun n da m suna haɗewa su zama katanga guda, sai na buɗe tsakaninsu da hannu. A ƙaramin rubutu kuwa ba ya yi ko kaɗan. Na gwada shi a lambar waya a katin wani baduku na kasuwar Dole, ramukan 8 da 6 suka toshe da tawada, na koma samfuri mara ƙafa.

Yanzu sunan shago kawai nake ba shi, kalma biyu ko uku, da baƙin fenti ko ja a kan farin allo, sauran bayani kuma da haruffa marasa nauyi a ƙasa. Ƙugiyoyin huɗu da na zana, manya da ƙanana, na ajiye su a fayil guda, kuma da su na yi allon wani shagon ɗinki a Zengo a makon jiya.