Takin Lambun Gida: Na Turke, Na Kaji, Kamfa Ko Yuriya?

Da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, iska ta fara juyawa, masu ɗan fili a bayan ɗaki ko gefen rijiya sukan shiga shirin lambu. An tanadi irin tumatir da latas, an tayar da fangali, sai a zo a cije a kan maganar taki. Mai shagon kayan noma zai nuna maka buhun kamfa, wato takin zamani na NPK. Maƙwabcinka mai kiwo zai ce ka zo ka kwashi kashin kaji a arha. Wani dattijo kuma zai ce maka shi tun tasowarsa bai san wani taki ba sai na turke. Kowannensu da gaskiyarsa, amma aljihu ɗaya ne, lambun kuma ƙarami ne.

Na daɗe ina lambu a tsakar gida, kuma ra'ayina shi ne kaso mafi tsoka na kuɗinka ya tafi ga ruɓaɓɓen takin dabbobi, takin zamani kuwa ka saye shi da kwano, a matsayin ƙari. Dalilin yana cikin ƙasar kanta. Yawancin ƙasar gidajenmu jigawa ce, rairayi ya yi mata yawa, a zuba ruwa da safe kafin azahar ta bushe. Wani gidan ma cikon ɓaraguzan gini ne da jar ƙasa. Irin wannan ƙasa tana fama da yunwa, tana kuma fama da rashin riƙo. Takin zamani abincin shuka kawai yake kawowa, ba ya gyara jikin ƙasa. Ka zuba shi a rairayi tsura, ban-ruwa biyu ko uku sun wanke wani kaso zuwa inda saiwa ba ta kai ba. Ruɓaɓɓen taki shi ke sa ƙasa ta yi laushi, ta riƙe danshi, ta kuma riƙe abincin da ka ƙara mata daga baya. Manoman kewayen Kano sun gane haka tun kaka da kakanni, shi ya sa suke jigilar taki a mangala bisa jakuna daga gari zuwa gona duk rani, suna noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da sun bar ta ta huta ba. Haka ma al'adar gayyatar Fulani su sauka a gona bayan girbi.

A cikin takin dabbobi, na awaki da tumaki shi ne zaɓina na farko. Busasshe ne, ba shi da nauyin ɗauka, warinsa bai kai ya dami mutanen gida ba, kuma ƙarfinsa matsakaici ne, ba ya saurin ƙona shuka. In an share turke, yakan zo haɗe da ragowar harawa da ƙasar da ta sha fitsari, wannan kuwa ƙarin alheri ne, domin kaso mai yawa na amfanin yana cikin fitsarin. Ana samunsa a buhu a bakin kara da wajen masu kiwon gida, kuma yakan wadata bayan Babbar Sallah, lokacin da masu kiwon raguna ke share wurarensu. Aibinsa ɗaya: 'ya'yan kashin suna da tauri, in an watsa su a bushe sai su yi watanni suna nan yadda suke. Jiƙa su ake yi, a tara, a rufe da tsohon buhu, ko a ɗan daka su kafin a cuɗa da ƙasa.

Kashin shanu ya fi arha, ya fi kuma sauƙin samu da yawa. Wajen gyaran rairayi yana da kyau ƙwarai. Sai dai ƙarfinsa bai kai na awaki ba, yana zuwa da irin ciyawa, busasshensa kuma gara na son sa. Wanda gidansa na ƙasa ne, ko yake da rumbu kusa, kada ya jibge shi a jikin bango. Wanda ya daɗe a fili rana na dukansa har ya yi fari fat, ya riga ya zubar da yawancin ƙarfinsa, kada a saye shi da tsada.

Kashin kaji ne ke buƙatar dogon bayani, domin shi ya fi kowanne ƙarfi, shi ya fi kuma kashe lambu. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na kajin ƙwai da ake kiwo a keji, wanda kashi ne zalla, akwai kuma na kajin nama da ke zuwa haɗe da garin katako ko ɓuntun shinkafar da aka shimfiɗa musu. Na farkon ya fi zafi. Na biyun ya fi sauƙi, amma in katakon ya rinjayi kashin, to kuɗin katako ka biya, kuma ɗanyen garin katako yana janye abincin ganye daga ƙasa yayin da yake ruɓewa, sai ka ga shuka ta yi ɗorawa alhali ka sa taki. Buɗe buhu ka duba kafin ka biya. In warin ya bugi hanci har ido ya kawo ruwa, ɗanye ne. Wata shekara na sayi irin wannan daga wani mai kawowa a kura, ya tabbatar mini takin ya daɗe a ajiye. Na zuba a fangalin attaruhu, kwana huɗu dashen ya yi laushi, bakin ganyen ya ƙone kamar an bi shi da wuta, na rasa fiye da rabi. Tun daga nan ko wa ya sayar mini, sai na tara shi na jiƙa, ina juyawa duk mako biyu, ya yi wata biyu zuwa uku kafin ya shiga lambu.

Gane ruɓaɓɓen taki ba wuya. Launinsa baƙi-baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ƙamshinsa irin na ƙasar da ta sha ruwan farko. Ka cusa hannu cikin tsibin, in ka ji ɗumi to bai gama ba. Mai son tabbaci ya cika gwangwani da rabin taki rabin ƙasa ya watsa irin alayyafo. In ya tsiro lafiya cikin mako guda, takin ya nuna.

Akwai kuma batun lafiyar iyali, wanda ba kasafai ake kawo shi ba. Ɗanyen kashin dabba yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa, latas da lansir da karas da kabeji kuwa ɗanye ake cin su. A Amurka, ƙa'idar noman da ba a sa masa takin zamani ta ce in an zuba ɗanyen taki, sai an jira kwana 120 kafin a girbe abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Latas ɗinmu ba ya kai wannan kwanakin a fangali. Don haka shi kam ruɓaɓɓe kawai za a ba shi.

Takin bola, wato sharar gari da ta daɗe ta ruɓe, a da abin nema ne. Yanzu ba na ba kowa shawararsa don lambun gida. Bolar yau cike take da leda, fasassun kwalabe, matattun batura da ragowar magunguna, kuma abin da batir ya zubar a ƙasa rariya ba ta tace shi.

Sai takin zamani. Lambobi ukun da ke jikin buhun kamfa, kamar 15-15-15, suna nuna kaso cikin ɗari na abinci uku. Na farko naitirojin, mai sa ganye ya yi kore shar. Na biyu fosfaras, mai taimakon saiwa da fure. Na uku fotashiyam, mai ƙarfafa shuka da kyautata 'ya'ya. Buhu mai kilo 50 na 15-15-15 yana da kilo bakwai da rabi na kowanne. Shi kuwa 20-10-10, wanda ya bazu a Najeriya bayan yarjejeniyar taki da gwamnatin Buhari ta ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016, har aka fara sayar da buhu a kan naira 5,500, ya fi karkata ga ganye. Masara na son sa, alayyafo da kabeji ma haka. Ga tumatir, tattasai da kuɓewa, na fi son 15-15-15.

Yuriya abinci ɗaya tak take ɗauke da shi, naitirojin, kashi 46 cikin ɗari. Ana yin ta a cikin gida: akwai masana'antar Indorama a Eleme ta jihar Ribas, da ta Ɗangote a Lekki da aka buɗe a 2022, mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara. Aikinta nan take ne, kwana kaɗan alayyafo ya yi baƙi-ƙirin don kore, wannan ne ma ke ruɗar mutane su yi ta ƙarawa. Tumatirin da ya sha yuriya fiye da kima sai ya yi ganye luf-luf, ya yi ta tsawo, furen ya ƙi zama, ƙwari kuma su yi masa ca. In an bar ta a saman ƙasa mai ɗumi, wani kaso ya bi iska, don haka binne ta ake yi a bi da ruwa. Kada a haɗa ta da toka, domin toka na hanzarta wannan asarar. Sufa kuwa, wato takin fosfaras, ga wanda ya samu, kafin shuka ake cuɗa ta da ƙasa, tun da fosfaras ba ya tafiya da ruwa ya iske saiwa.

Yanzu ga lissafin da ya sa nake cewa kada mai lambun gida ya sayi buhu. Masu bincike na cibiyar nazarin noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, sun yaɗa wata dabara ga manoman gero: a sa ɗan taki kaɗan a gindin kowace shuka maimakon watsawa, kimanin giram 6 na kamfa, wato cikin marfin kwalbar lemo. Dabarar ta dace da lambu sosai. A raba kilo 50 giram shida-shida, ya haura marfi 8,000. Mai tumatir gindi 40, in ya ba kowanne marfi ɗaya sau biyu, bai ƙarar da rabin kilo ba. Ragowar buhun sai ya zauna a ɗaki ya sha danshin damina, ya dunƙule, yuriya ma har narkewa take yi. Kwano ɗaya na kamfa da rabin kwano na yuriya sun ishi yawancin gidaje rani guda, har a ba maƙwabta. Yadda nake yi, sai dashe ya kama, kamar kwana goma zuwa mako biyu, in tona ɗan rami nisan yatsu huɗu daga gindi, in zuba marfi ɗaya na kamfa in rufe. In fure ya fara, in sake.

Sayen awo yana da nasa haɗarin, domin a buɗaɗɗen buhu algus ya fi sauƙi. Tun 2019 akwai dokar ƙasa da ta haramta sayar da gurɓataccen taki da tauye nauyin buhu, amma idonka ne zai fara kare ka. Ka sayi awo a wurin dillalin da zai ɗebo maka daga buhun kamfani a gabanka, ka karanta lambobin da kanka. Yuriya tana da gwaji mai sauƙi: zuba cokali biyu a rabin kofin ruwa ka motsa. Ta gaske za ta narke duka, kofin kuma ya yi sanyi a hannu. In yashi ya kwanta a ƙasa, an cuce ka. Kamfa ba ta gwaduwa haka, ko mai kyau takan bar ɗan laka. Abin dubawa a nan shi ne ƙwayoyin su kasance a bushe, ba gari da yawa, ba tsakuwa. Mutum huɗu ko biyar a unguwa su haɗa kuɗi su sayi rufaffen buhu su raba, wannan ya fi kowace hanya aminci da sauƙi.

Takin ruwa na kwalba da ake fesa wa ganye yana da amfani in shuka ta nuna wani ƙaramin rashi, amma alkawuran da ake yi a kansa sun fi ƙarfinsa, kuma ba ya maye gurbin abin da ke cikin ƙasa. Shi zan sa a ƙarshen jerin sayayya. Tokar murhu kyauta ce, tana da fotashiyam da alli, wato kalsiyam, a barbaɗa kaɗan-kaɗan, ban da tokar da aka ƙona leda a ciki.

Wanda ke shuka a buhuna ko tsofaffin bokitai saboda tsakar gidan siminti ce, ya ƙara taka-tsantsan. Saiwa ba ta da inda za ta gudu, gishirin takin zamani kuma taruwa yake yi. Kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, a huda gindin buhun, kamfa kuma rabin marfi ya isa. A fangali na ƙasa kuwa, bokiti guda na ruɓaɓɓen taki nake cuɗawa a duk faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya, mako biyu kafin dashe, ina ba shi ruwa don irin ciyawar da ya zo da shi ya tsiro in cire tun wuri.

Shukar da kanta za ta gaya maka abin da za ka ƙaro. In tsofaffin ganyen ƙasa suka fara ɗorawa, naitirojin take nema, ɗan yuriya ya wadatar. In bayan ganye ya koma shuɗi-shuɗi mai ja, shukar kuma ta tsumbure, fosfaras ne ya yi ƙaranci. In gefen tsohon ganye ya bushe kamar an babbake, a duba fotashiyam. Amma baƙin tabon da ke fitowa a gindin 'ya'yan tumatir, wanda ke sa mutane rugawa shago neman magani, yawanci daga ban-ruwa yake: yau a cika, gobe a manta, sai allin da ke ƙasa ya kasa isa ga 'ya'yan. A daidaita lokacin ruwa, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa, 'ya'yan da za su biyo baya su fito lafiya ba tare da an sayi komai ba.