Robar da aka manna wa Baba a tabarau: ta yi aiki, amma ina da ƙorafi

Duk mai majinyacin da yake ganin abu bibbiyu bayan zubar jini a ƙwaƙwalwa, ya tambayi likitan ido maganar firizim na mannawa, wanda suke kira Fresnel, wato 'yar robar da ake manna wa gilashin tabarau don ta haɗe gani biyun ya zama ɗaya. Wallahi ban zaci 'yar roba haka za ta yi wani abu ba.

Hawan jini ne ya kayar da Baba, hoton CT ya nuna jini ya zuba. Allah ya tashi kafaɗunsa, sai dai idon hagu ya karkato wajen hanci, ya ƙi juyawa waje. In ya hango mai babur ɗaya sai ya ga biyu, ya rasa wanda zai kauce wa. Da ya rufe ido ɗaya kuwa, komai ya koma daidai. Likitar ta ce jijiyoyi uku ne ke juya ido, ta uku da ta huɗu da ta shida, tashi ta shidan ce ta taɓu.

A gabanmu ta yanka robar da almakashi daidai gilashin, ta jiƙa ta da ruwa, ta manna daga ciki. Ta ce, "Baba, ku dubi agogon bangon can, guda nawa kuke gani?" Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗaya ne, 'yata." Yayata kuka ta fashe da shi a wurin. Wannan likita kam, Allah ya saka mata da alheri.

To amma fa babu wanda ya gaya mana robar tana dusashe gani. Siraran layuka ne a jikinta, ƙura na maƙalewa a ciki, ga hunturu ya kama. Kullum sai an wanke.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne mai shagon tabarau na asibitin. Likita ta ce a jira kamar wata 6 kafin a yi tabarau mai firizim na dindindin, saboda idon yana iya gyaruwa, ƙarfin firizim ɗin ya canja. Shi kuwa ya tsare mu sai mun biya na dindindin a ranar, har da cewa "Hajiya, lafiyar Baba ta fi kuɗi". Da idon ya fara dawowa muka koma neman roba mai ƙarancin ƙarfi, wai ta ƙare, mu dawo wani satin. Kuma sai da suka karɓi kuɗin kati.